Dogon Hutu a Tsakiyar Damina: Yadda Uwa Za Ta Riƙe Gida da Ƙananan Yara a Bauchi

Dogon hutun makaranta a Bauchi yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Ana rufe makarantu wajen ƙarshen Yuli, a koma cikin Satumba, wato yara za su yi mako shida ko bakwai a gabanki, kuma watan Agusta, wanda ya fi kowane wata ruwa, a ciki yake. Wannan ne abin da ya kamata ki fara sawa a lissafi kafin ki yi zancen wasa ko yawo ko lesin. Hadari ne zai riƙa yanke miki lokacin shanya da lokacin fita, har da lokacin ɗora tukunya idan a tsakar gida kike girki da gawayi. Sauro ya yi yawa, kududdufai sun cika, hatsi ya yi tsada domin tsoho ya ja baya sabo bai iso ba. Ga kuma yara uku ko huɗu da suka saba ƙarar da ƙarfinsu a makaranta, yanzu babu inda za su sauke shi sai a kanki.

Uwar da ta ɗora wa kanta nishaɗantar da yara daga safe zuwa dare ba za ta kai mako biyu ba muryarta za ta dishe. Abin da ke kanki bai kai haka yawa ba: ki toshe hanyoyin haɗarin da damina ke buɗewa, ki tsara yini yadda kowane yaro ya san abin da ke biye, ki ba hannunsa abin yi na gaske. Sauran lokacin su da kansu za su cike shi, kuma sun fi ki iyawa.

Mataki na farko: ki zagaya gidanki kafin a ba su hutu

Ki ware wata safiya a makon jarrabawa, yara suna makaranta, ki bi gidan lungu-lungu kina duban komai daga tsayin ɗan shekara biyu. Da ruwa za ki fara. A damina kowa na tarar ruwan sama, sai ki ga baho da bokiti da duro jere a ƙarƙashin indararo. Yaro mai koyon tafiya kansa ne ke rinjayarsa. Idan ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa, kuma ba za ki ji ihu ba. Duk abin da aka tara ruwa a ciki, ko dai a rufe shi da murfi mai nauyi, ko a juye a randa da jarka a kife shi. Rijiya kuma a yi mata murfi da kwaɗo. Tsohon kwanon rufi da aka danne da dutse ba zai tare ɗan shekara biyar ba.

Sai kayan guba. Wannan ne lokacin da maigida ke shigowa da taki da maganin ciyawa da na ƙwari ya jingine a zaure ko bayan ƙofa. Ki haɗa su da fiya-fiya da maganin ɓera da kananzir da fetur ɗin janareta, a kai su sama inda ko kujera aka taka hannu ba zai kai ba, ko a kulle. Kada a zuba ko ɗaya a gorar lemo, domin yaro gora yake gani, ba ya karanta abin da ke ciki. Idan tsautsayi ya sa ya sha kananzir ko fetur, kada ki tura masa yatsa ya yi amai, kada ki ɗura masa manja ko madara. Amai na iya kai shi cikin huhu. Asibiti kai tsaye, ki tafi da gorar a hannunki.

Daga nan ki kwashe gwangwanaye da tsohuwar taya da fasasshiyar tukunya, ki buɗe kwatar da ta toshe. Ruwan da ya kwanta mako guda zuwa kwana goma ya isa sauro ya ƙyanƙyashe. Ki ɗaga gidan sauron kowane gado a haske, ki ɗinke hudar da kika gani. Ki duba katangar ƙasa, in ta tsage ko gindinta ya zaizaye, a hana wasa da shimfiɗa a jikinta har a gyara. Wayar wutar da ta kwaile a naɗe ta, soket ɗin da ke ƙasa a toshe.

Zagayen ba ya cika sai kin zauna da maigida kan awo. Ki faɗa masa tun da wuri: "Abbansu, awon da ke kai mu wata ba zai kai ba a hutun nan. Bakin da ke ci sau biyu a gida yanzu sau huɗu zai nema." Kuɗin abincin tara na makaranta da kuɗin Keke Napep da ba za a kashe ba a makonnin nan, a raba su biyu. Rabi ya tafi wake da gyaɗa da garin masara, rabi a ɓoye shi don Satumba, lokacin da kuɗin makaranta da takalmi da littattafai za su taso gaba ɗaya.

Mataki na biyu: ki kafa turaku uku

A damina ake ɗaure dabba a turke, a sakar mata igiya mai tsawo ta yi kiwo iya zagayenta ba tare da ta faɗa gonar mutane ba. Haka yinin yaro yake so. Kada ki rubuta jadawali na awa-awa ki manna a bango, ranar farko da aka wuni ana ruwa zai rushe. Lokuta uku kawai za ki tsayar, su kuma ba sa motsi ko ana ruwa ko ana rana.

Na farko tashi da karin kumallo. A bar su su ƙara awa guda a kan lokacin makaranta, amma kada ya wuce haka. Wanda ya kai shekarun salla ya tashi ya yi, in ya so ya koma. Yaron da ya kai ƙarfe goma yana barci shi ne zai hana ki runtsawa sha ɗayan dare.

Na biyu kwanciyar rana bayan azahar. Ƙananan su yi barci, manyan ko ba su yi barci ba su kwanta shiru da littafi ko allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yawancin rigimar la'asar da muke ɗora wa halin yaro, barci ne bai ishe shi ba. Wannan sa'ar kuma taki ce. Kada ki cika ta da wanki.

Na uku shigowa gida kafin kiran magariba, a yi wanka, a sa riga mai dogon hannu da wando. Iyayenmu sun hana yawon magariba tun kafin a yi zancen sauro, ga shi kuma daga faɗuwar rana ne sauron da ke kawo zazzaɓi yake fara aiki.

Tsakanin turakun nan ki riƙa duban sama. Galibi hadari da yamma ko da dare yake haɗuwa, saboda haka wanki da shanya da cefane da wasan waje duk a tura su safiya.

Mataki na uku: ki ba kowa aikinsa, aiki na gaske

Ƙaramin yaro yana gane aikin da aka ba shi don a rabu da shi. Ki miƙa masa tsintsiya ki ce ya je can ya share, minti biyu zai jefar. Amma ki ce, "Auta, yau kai ne mai ba kaji tsaba, in ba ka ba su ba da yunwa za su wuni," sai ki ga ya riƙe abin da hannu biyu. Ɗan shekara biyu zuwa uku yana iya kai kofuna wurin wanke-wanke, ya tattara takalma, ya miƙo miki abin maƙale shanya. Ɗan huɗu zuwa biyar yana tsince wake, ya ɓare gyaɗa, ya zage zogale daga reshe, ya ninke ƙananan kaya. Daga shida zuwa takwas kuma shara, ɗauraye kwanuka, gyaran shimfiɗa, da wanke safa da ɗan kamfai nasa. Aikin zai fito a karkace. Kada ki gyara a gabansa, ki bari ya bar wurin.

Ranar masa ta fi kowace rana daɗin wannan, ga shi mu a Bauchi ba baƙinta ba ne. Tun daren jiya su za su tsince shinkafar su zuba mata ruwa. Da safe babban ya raka ki inji, ko ya riƙe murfin bokiti. Bayan an zuba yis da ɗan sukari an rufe ƙullun, ki ɗauki gawayi ki ja layi a bayan roba daidai inda ya tsaya, ki naɗa ɗan shekara huɗu mai gadi. Zai yi ta zarya yana ɗaga murfi, har ya rugo da gudu: "Umma, ya wuce layin! Yana ƙwai-ƙwai!" Da kin ɗora tanda kuma sai ki shata wani layin a ƙasa, taku uku daga murhu, wanda ba mai tsallakewa. Daga bayan layin ɗaya yana ƙirga masar da kike kwashewa, ɗaya yana raba ta a faranti, kowa huɗu, Abba shida. Lissafi ya shiga ba tare da an ambaci sunansa ba.

Abu biyu nake so ki kiyaye a nan. Na ɗaya, kada hutun ya zama na kowa ban da babbar 'yarki. A gidaje da yawa ranar da aka rufe makaranta ake ɗaura wa 'yar shekara tara goyo, ba za ta sauke ba sai Satumba, alhali ƙannenta maza suna ƙwallo a waje. Ta taimaka, amma a yanka mata lokaci, in ya cika ki karɓi ɗanki ki ce ta je ta yi wasa. Mazan su ma su yi shara da wanke-wanke. Hannunsu ba zai guntule ba. Na biyu, talla. Na san halin da ake ciki, kuma na san gidajen da ribar dafaffiyar gyaɗa da masara ce kuɗin cefanensu. In babu makawa, a ajiye tiren a ƙofar gida inda idonki ke kai. Yarinya ƙarama da tire a tasha ko cikin kasuwannin Muda Lawal da Wunti, ko a layin da ba kowa lokacin da hadari ya watsa mutane, ribar ba ta kai kasadar ba.

Mataki na huɗu: gonar buhu

Idan abu ɗaya kawai za ki ɗauka daga wannan jagora, wannan nake so ya zama, domin shi kaɗai ne wasan da ke kai yara tun daga makon farko har na ƙarshe, kuma sama ce ke yi miki ban ruwa.

Ki samo tsoffin buhunan shinkafa ko na taki da aka wanke, kowane yaro nasa. Ki naɗe bakin buhun zuwa rabi, ki huda gindinsa wuri biyar ko shida don ruwa ya riƙa fita, in ba haka ba saiwar za ta ruɓe. A cika da ƙasa kashi biyu, busasshen kashin awaki ko na shanu da ya daɗe kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, a guje shi. A jera buhunan inda rana ke samu rabin yini, nesa da bakin indararo, a ɗora su a kan bulo ko duwatsu. In kina da kaji ko akuya, sai an kewaye da ƙaya ko tsohon gidan sauro.

Abin da za a shuka ya danganta da haƙurin mai gonar. Ƙaramin a ba shi wake, ƙwaya uku a rami mai zurfin gaɓar yatsa. Cikin kwana uku zuwa biyar zai ga ya fasa ƙasa ya fito da ɓawonsa a ka. Na tsakiya a ba shi alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi a barbaɗa a sama, a rufe da ƙasa kaɗan; cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, wato za a ci shi a miya kafin a koma makaranta. Babban a ba shi kuɓewa, wadda sai ta kusa wata biyu take fara 'ya'ya, zai koma aji tana fure. Kowace safiya bayan karin kumallo a fita duba gona: a cire ciyawa, a tsince tsutsa, a gwada tsawon shuka da kara a yi masa alama. Ranar da aka yanka alayyafon, ki faɗa da ƙarfi a gaban babansu gonar wa aka ci. A wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa ƙasar.

Mataki na biyar: karatu, da maganar waya

Makarantar allo da Islamiyya galibi ba sa bin hutun boko, kuma wannan rahama ce, domin sun riga sun riƙe miki wani yanki na yinin. Game da lesin hutu, ra'ayina shi ne yaron da bai kai aji uku na firamare ba bai bukatarsa, sai in malaminsa ya nuna takamaiman inda yake da rauni. Yawancin lesin nan ajin da aka baro ne aka sake buɗewa da sabon kuɗi. Minti ashirin a gida kullum, a kan tabarma, ya fi shi amfani. Ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi, ki tambaye shi me ya faru a ciki, ya faɗa da bakinsa. Ki fara da Hausa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake magana da shi, na Turanci ba ya yi masa wuya. Wanda bai fara rubutu ba ya zana haruffa da tsinke a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ƙirga da ƙwallayen dabino ko murafun lemo.

Waya kuwa, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Abin da ke sa dokar ta zauna shi ne a ba kallon lokacinsa sananne, misali bayan la'asar, da abin da kika sauke da kanki kika gani, a kashe data kafin a miƙa. Kada ta zama abin rarrashi. Ranar da kika ba shi waya don ya yi shiru, kin koya masa farashinta kuka ne.

Mataki na shida: ranar da aka wuni ana ruwa, da daren da babu wuta

A Agusta akwai kwanakin da yayyafi ba ya ɗaukewa. Ki tanadi kwali ɗaya da ba a buɗe shi sai irin wannan rana: ƙyallayen da tela ya zubar, kwalayen ashana, murafun lemo, zare, alli, karan dawa. Da kara da ƙyalle ake 'yar tsana, da kwali da murafu ake mota. Carafke da duwatsu biyar tana cin awa guda a kan tabarma. A zana gala-gala da alli a baranda, a yi ɓuya a ɗakuna, a kifa kujeru a rufa zane a yi bukka. Idan ruwa ya tsagaita, ki bar su su fita tsakar gida su kwaɓa yumɓu su gina tukwane da shanu, su yi tuwon ƙasa. Za su dawo dumu-dumu, sabulu ne maganinsa. Wankan ruwan sama ma ban hana ba, muddin a cikin gida ne, babu tsawa babu walƙiya, kuma a goge su a sa musu busassun kaya da kunu mai zafi a hannu. Ga ƙanana 'yan ƙasa da shekara huɗu, gyaɗa da gurjiya da ƙwayar masara a murƙushe su kafin a ba su, suna shaƙewa.

Da dare in an ɗauke wuta, ki tara su cikin gidan sauro ɗaya ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku." In ba su san amsar ba, to hutun nan ne za su koyi "Ta zo mu ji ta." Ba sai kin tuna tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga farko har ƙurunƙus ba, inda kika manta ki tambaye su me suke gani Gizo zai yi, za su ƙera miki abin da ya fi na asali. Ki jefa musu kacici-kacici: Baba na ɗaka gemu na waje. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Ki bar su su sha wuya kafin ki ce wuta da hayaƙi, ki ce tsintsiya. In akwai kaka a gidan ko a unguwa, wannan fagenta ne, a kai mata su.

Mataki na bakwai: zazzaɓi da gudawa

Nan ne ba a wasa. A watannin damina ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata, zagaye huɗu ko biyar. Maganin na kwana uku ne. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannunki suke barin sa, kuma nan ne ake yawan yin sakaci. Ki ajiye shi kusa da abin da kike taɓawa kowace safiya, ki cika katin, ki adana shi don zagaye na gaba. In yaron ya yi amai cikin rabin awa da sha, ki sanar da su. In yana zazzaɓi a ranar, ko yana shan maganin Septrin, ko wani magani ya taɓa fito masa da ƙuraje, ki faɗa kafin a ba shi. Rigakafin ba ya ɗauke wa gidan sauro aikinsa.

Idan jiki ya yi zafi, a je a yi gwajin jini na yatsa, wanda ba ya wuce minti ashirin, kafin a sayi maganin maleriya a kemis, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. In gwaji ya nuna shi ne, a shanye maganin kwana ukun duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amayar da duk abin da ya shiga, barcin da ba a iya tashinsa, numfashi da sauri, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat.

Gudawa kuma ta ruwan sha da hannu take shiga. A 2021 Bauchi na cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna, kuma a damina ne abin ya fi tsanani, lokacin da ambaliya ke haɗa masai da rijiya. Ki tafasa ruwan sha ko ki sa masa maganin tsarkake ruwa, moɗa ɗaya mai mariƙi a randa, ba kowa da kofinsa ba. Ki ajiye ledar ORS, wato garin gishiri da sukari na gudawa, da ƙwayar zink a gida tun kafin a bukace su. Yawancin ledojin a lita ɗaya ake kaɗa su, amma ki duba jikinta. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zink kwana 10 zuwa 14 ake sha ko gudawar ta tsaya. Kada a daina ba da nono ko abinci. In kashin ya zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko idanu suka faɗa, a tafi asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

Kududdufi da rafi a hana kwata-kwata. Ban da nutsewa, a nan ake ɗaukar tsargiya, wadda sai bayan makonni za ki ga jini a ƙarshen fitsari. In za a je ƙauye ko gona, takalmi a ƙafa, fitila a hannu da dare, ba a cusa hannu a rami ko tarin itace. Damina lokacin saran maciji ne a yankinmu, musamman kububuwa; shi ya sa asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan fanni. In ya faru, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. A hana yaron tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Mataki na takwas: fita

Fita biyu ko uku sun isa hutu guda, kuma mafi araha a cikin gari suke. Kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan ta wajen Ƙofar Ran. Kafin ku je, in kin samu takardar naira biyar ki nuna musu hotonsa, ki gaya musu shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko, malamin makaranta ne kafin siyasa, an kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Hanyar shiga wurin tana farawa da duhu ta fito haske, yara ba sa manta ta. Ranar Juma'a kuma babansu ya ratsa da su ta ƙofar fada bayan masallaci, su ga dogarai, ya ba su labarin Malam Yakubu da ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa garin.

Gandun dajin Yankari tafiya ce ta sama da kilomita 100, ta hanyar Gombe a ratse a Dindima. Gaskiyar magana damina ba lokacin ganin namun daji ba ne. Ciyawa ta yi tsawo, ruwa ya wadata ko'ina, giwaye da ɓauna ba sa taruwa a bakin kogin Gaji kamar yadda suke yi da rani. Wanda ya yi wa yara alkawarin giwa a Agusta zai iya dawowa da masu kuka. Abin da ba ya canzawa shi ne ruwan Wikki, mai ɗumi wajen digiri 31 rani da damina. Yana da wurare masu zurfi, saboda haka kowane ƙaramin yaro da babba ɗaya riƙe da shi. Gwaggon biran wurin kuma sun ƙware a fizge leda daga hannun yaro, abinci ya zauna a mota a rufe. Mai son yara su ga raƙumin dawa da jakin dawa, gandun dajin Sumu ne a ƙaramar hukumar Ganjuwa. Ko ina za ku, a tambayi halin hanya a ranar, a fita da sassafe, a juyo kafin hadarin yamma.

Idan za a tura yaro hutu gidan Goggo ko Kawu, ya tafi da gidan sauronsa da katin maganinsa, kuma ki tambaya kai tsaye da wa zai riƙa kwana. Wanda bai iya ba da labarin abin da ya same shi ba bai isa tafiya hutu shi kaɗai ba. Kusa da gida kuma, ku haɗa kai da maƙwabciya ɗaya ko biyu da kika yarda da tarbiyyarsu: Talata yaran duka a gidanki daga hantsi zuwa azahar, Alhamis a gidanta. Yara shida da ke wasa tare sun fi uku da ke faɗa sauƙin kallo, ke kuma kin samu safiya guda ta zuwa kasuwa, kitso ko asibiti.

Mataki na ƙarshe: kwana goma kafin komawa

Ki fara janyo lokacin barci da na tashi baya da kwata-kwatan awa kowane kwana biyu, har ya dawo daidai da na makaranta. A fito da yunifom da takalma a gwada yanzu, domin yaro na iya tsawo a mako shida, kuma teloli cika suke yi a makon komawa. Jakunkunan da aka rataye tun Yuli a zazzage su a shanya, damina tana sa su fumfuna. A nemo aikin hutun da malamai suka bayar a raba shi shafi biyu kullum, a yi aski da kitso da yankan farce saura kwana biyu. Zagayen maganin rigakafi na Satumba yana iya faɗowa bayan an koma, saboda haka in ƙaramin ya shiga nazare, ki gaya wa masu rabon lokacin da ake taso su don su same shi a gida.